Daina al'ada da allurar maza: Masu buƙata sun yi shiru, marasa buƙata na saye a Kégué

Duk wanda ya san zangonmu na Kégué ya san maganin maza ba ya ɓuya. Ana idar da sallar Juma'a za ka ga an shimfiɗa leda a bakin masallaci, an jera ƙullin gari da saiwoyi da kwalabe, wani ma har da lasifika yana kiran sunan abin da ko a ɗaka sai an rage murya ake faɗa. Dattawa su tsaya kamar masu duba carbi da turare, a miƙa jaka ɗaya ko biyu, a soka ƙulli a aljihun babbar riga, a wuce. Amma ka nemi inda mace 'yar shekara 50 za ta tsaya ta ce jininta ya ɗauke, ba ta barci, jikinta na zafi kamar an hura gawayi, ba za ka samu ba. Ita an bar ta da haƙuri.

Matan nan ba baƙi ba ne. Su ne yaran da aka riƙo wa hannu a 1977, lokacin da aka rushe tsohon Zongon tsakiyar Lome aka kwashe jama'a zuwa Togblékopé. Yarinyar da take da shekara 5 a wancan lokaci, yau ta haura 50. Ita ce mai rumfar atamfa a Asigame ko ta gwanjo a Hedzranawoé, ita ce uwar adashi, ita ke aurar da 'ya'ya, ita ke jinyar tsohuwa.

Akwai maganin asibiti da ya shafi wannan shekaru, na mata daban, na maza daban. Homon wasu sinadarai ne da jiki ke yi da kansa, jini ya ɗauke su ya kai saƙo ga gaɓoɓi. Na mace su ne istrojin da furojestaron, na namiji kuma testosteron. In suka yi ƙasa, likita na iya mayar wa jiki wani kaso. Abin da na gani a unguwarmu shi ne an juya lamarin: matan da maganin zai yi wa amfani ba su ma san da shi ba, mazan da yawancinsu ba sa buƙatarsa su ne ke nemansa, kuma ba tare da awo ba.

Zafin da ba na rana ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata na daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Ana cewa ta ɗauke ne in an cika wata 12 cur ba a ga jini ba. Amma wahalar kan fara tun kafin nan, lokacin da al'adar ke wasan ɓuya, wata biyu babu, sai ta zo da yawa. Ma'ajiyar ƙwan mace ce ke rage aiki, istrojin ya riƙa hawa da sauka har ya zauna ƙasa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki sai ya ruɗe. Nan take zafi ya taso daga ƙirji zuwa wuya da fuska, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, bayan 'yan mintuna kuma sanyi ya biyo. Da dare ya fi tsanani. Ga ciwon gaɓoɓi, ga mantuwa, ga saurin fushi, ga bushewar gaba, ƙashi kuma yana raguwa a hankali ba tare da mace ta ji ba.

To ki haɗa wannan da zafin Lome na watan Maris, da hijabi har ƙasa, da rumfar kwano, da daren da aka ɗauke wuta. Wani babban bincike da aka bi mata da shi shekara da shekaru a Amurka, wanda aka fitar a 2015, ya gano cewa zafin nan kan ɗauki wajen shekara 7, a baƙaƙen mata kuma har 10. Wato ba abin wata biyu ba ne da za a ce mace ta cije ya wuce.

Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta shafe kusan shekara biyu a haka. Sau uku ana ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya na taifot, a wani ƙaramin kilinik da ba wanda ya taɓa tambayarta yaushe rabonta da al'ada. Da abin ya ƙi, aka koma rubutu da hayaƙi, aka fara kallon abokiyar zamanta da wani ido, don ita amarya ce kuma zuwanta ya zo daidai da fara ciwon. Har ta kai matan gida biyu ba sa gaisawa. Wata rana da asuba na same ta a tsakar gida ta jiƙa zani ta yafa, na ce, "Yaya, wai yaushe rabonki da ganin wata?" Ta harare ni ta ce, "Ke, wannan kuma wace irin tambaya ce ga babba?" Can ta yi lissafi da azumi da layya, ashe wata takwas ke nan.

Likitar matan da muka gani daga baya ba ta yi wani dogon awo kafin ta gane ba. In mace ta wuce 45 kuma alamun sun bayyana, labarin da ta bayar ya isa a gane. Awon da ta sa aka yi na tabbatar da ko maganin zai karɓe ta ne: tansiyo, sukari, duba mama, hoton mahaifa. Ta kuma tambayi tari da rama, don gumin dare na iya zama tarin fuka, zafi da bugun zuciya kuma na iya zama ciwon maƙoƙo. Cikin makonni kaɗan da fara magani Yaya ta dawo tana barci. Gaisuwa tsakaninta da abokiyar zamanta ta ɗauki lokaci fiye da haka.

Me ya sa ake tsoron maganin?

Tsoron yana da tushe, kuma gara a san shi da lambobinsa. A 1942 aka fara sayar da Premarin a Amurka, istrojin ne da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likita mai suna Robert Wilson ya yi littafi yana tallar cewa mace za ta dawwama da ƙuruciya in ta riƙe shi, mata suka yi ca a kai. Zuwa 1975 sai bincike ya nuna istrojin shi kaɗai yana sa bangon mahaifa ya yi kauri har ya kai ga sankara. Daga nan aka kafa ƙa'idar da har yau ba ta canza ba: duk macen da mahaifarta ke nan, ba a ba ta istrojin sai an haɗa da furojestaron. Wadda aka cire wa mahaifa ce kawai ke shan istrojin zalla.

Babbar girgiza ta zo a watan Yulin 2002. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwaji a kan mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79, wanda aka sani da WHI, sai aka dakatar da shi kafin wa'adi. Jaridu suka ɗauka cewa maganin na kawo sankarar mama, miliyoyin mata suka watsar, likitoci har a ƙasashenmu masu bin karatun Faransa suka janye hannu. Ga abin da lambobin suka ce. A tara mata 10,000, waɗanda ko rabin filin ƙwallon Kégué ba za su cika ba, su sha maganin shekara guda. In aka gwada su da wasu 10,000 da ba su sha ba, an samu ƙarin mata 8 da sankarar mama, ƙarin 8 da shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 7 da ciwon zuciya, ƙarin 8 da gudan jini a huhu. A ɗaya gefen, an samu ragin mata 5 da suka karye a ƙugu da ragin 6 masu sankarar hanji. Haɗarin gaskiya ne, amma ba kamar yadda aka kwatanta shi ba.

Abin da aka yi jinkirin bayyana wa jama'a shi ne matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake rarrabe sakamakon bisa shekaru, sai aka ga waɗanda suka fara da wuri haɗarinsu ya fi ƙanƙanta. Matsayar manyan ƙungiyoyin likitocin mata a yau ita ce: macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da daina al'ada ba, kuma alamun suna damunta, amfanin maganin ya rinjayi haɗarinsa in ba ta da wata cuta da ta hana. A watan Nuwamban 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar da cire yawancin kakkausan gargaɗin da aka manna wa kwalayen maganin bayan 2002.

Ban ce a manta da sankarar mama ba, don ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama mata a Togo, kuma mu mun saba zuwa asibiti a makare. Wani lissafi da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2019 ya ce cikin mata 50 da suka fara haɗin homon biyu a shekara 50, suka sha kullum har shekara 5, za a samu ƙarin mace 1 da sankarar mama cikin shekara 20. Ga masu shan istrojin zalla, 1 ce cikin 200. Wata za ta ji wannan ta ce ta haƙura da zafin, wata ta ce barcinta da kasuwarta sun fi. Kowacce da gaskiyarta, amma sai ta ji lambar kafin ta zaɓa.

Akwai waɗanda ba a ba su ko kaɗan: wadda ta taɓa sankarar mama ko ta mahaifa, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar jiki ko bugun zuciya, mai ciwon hanta da ke ci, da mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba. Mai hawan jini sai an fara daidaita shi tukuna. Waɗannan ma ba a rasa abin ba su ba, akwai magungunan da ba na homon ba masu rage zafin, likita ya san su.

Yanzu an fi son na shafawa a fata a kan na haɗiya, don ba ya fara bi ta hanta, saboda haka haɗarin daskarewar jini ya fi sauƙi. A farmasin ƙasashen sefa sunayen Faransa ake ji, irin su Oestrodose da Estreva na shafawa, da Utrogestan na haɗiya da dare. A ganina, da gumin Lome, na shafawa ya fi na mannawa zama a jiki. Ana so a bar shi kamar awa guda ba a wanke wurin ba, don haka cinya ta fi damtse ga mai alwala sau biyar, kuma ba a shafa shi a mama. Wadda batun fitsarin goɗiya ya dame ta, waɗannan ba daga nan suke ba, daga sinadarin waken soya da wata doyar daji ake harhaɗa su a masana'anta. Kada dai wata ta ce to bari ta ninka sakwara: jiki ba ya iya juya doya ta zama homon.

Wani rukunin da ya fi kowa buƙata shi ne matan da al'ada ta ɗauke musu kafin 40, aƙalla 1 cikin 100, da waɗanda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai wajen aikin ƙarin mahaifa. A zango, in mace 'yar 36 ta yi shekara ba jini, sai a ce ciki ne ya kwanta, a yi ta jiƙo ana jiran ya tashi. Irin wannan likitoci na ba ta homon har ta kai shekarun da ya kamata al'adar ta ɗauke, don kare mata ƙashi da zuciya. Sannan maganin ba na tazarar haihuwa ba ne. Wadda al'adarta ke zuwa jefi-jefi tana iya ɗaukar ciki.

Kayan mata da bushewa

Wannan ne wurin da mata ke kashe kuɗi a banza. In istrojin ya yi ƙasa, fatar gaba takan yi siriri ta bushe, kwanciya ta zama azaba, fitsari ya riƙa zafi yana matsowa akai-akai. Mu kuma sunan da muka ba shi duka "sanyi" ne. Sai a sayi maganin sanyi, a haɗa da kayan mata daga Sakkwato ko Maraɗi, a bi da matsi. Gumba da goron tula da tsumi ba su da wata babbar illa in ba mai ciwon suga ba ce, amma matsi mai tsuke fata a jikin da ya riga ya bushe, ƙara masa rauni yake har ya tsage.

Zafin jiki yakan lafa da shekaru, bushewar nan kuwa ba ta warkewa da kanta. Maganinta istrojin ne ɗan kaɗan da ake sawa a wurin, kirim ko 'yar ƙwaya, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa ƙalilan ne, shi ya sa har tsofaffin da suka wuce shan na jiki duka ake ba su. Na san auren da ya kusa mutuwa a kan wannan, mijin yana ganin an ƙi shi, matar kuma kunya ta hana ta faɗa.

Jinin da ya dawo

Malamanmu ba su ɓoye wannan babi ba. Alƙur'ani ya ambaci iddar matar da ta yanke tsammanin haila, wata uku, a Suratuɗ Ɗalaƙ. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, jinin da mace ta gani kafin 50 haila ne, wanda ta gani bayan 70 ba haila ba ne, abin da ke tsakani kuma sai a tambayi mata masana. Saboda haka in Hajiya ta ga jini bayan shekara biyu da ɗaukewa, tambayarta ta farko ita ce ta yi sallah ko ta bari. Tambaya ce mai kyau, amma akwai ta biyu da ba a yi. Duk jinin da ya zo bayan an cika wata 12, ko ɗigo ne, na asibiti ne a makon nan. Yawanci ba wani mugun abu ba ne, amma kusan 1 cikin 10 sankarar bangon mahaifa ce, ga kuma ta bakin mahaifa wadda ita ce ta biyu a matan Togo. Dukkansu ana maganinsu in an kama da wuri.

Ita ma mai shan homon ta sani, akwai tsarin da ke dawo da ɗan jini duk wata, akwai wanda ba ya dawowa. Ta tambayi likita wanne aka ɗora ta a kai, sannan ta kai wa malama ko malami bayanin daidai, don hukuncin sallah da azumi ya zauna a kan abin da ke faruwa.

Su kuma su Alhaji

Namiji ba ya da ranar yankewa irin ta mace. Testosteron ɗinsa na raguwa ne sannu a hankali, kamar kashi 1 cikin 100 a shekara daga wajen 40, kuma da yawa suna kai 70 da isasshe. Neman dawo da ƙuruciya ta allura tsohon abu ne. A 1889 wani mashahurin likita a Faris, Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan 'ya'yan marainan kare ya ce ƙarfi ya dawo masa. Daga baya aka gane abin da ke cikin ruwan bai kai ya yi komai ba, sa rai ne kawai. Sai a 1935 aka iya ware testosteron ɗin kansa.

A 2010 aka fitar da binciken maza 3,369 masu shekara 40 zuwa 79 a ƙasashen Turai takwas. Waɗanda suka haɗa ƙarancin homon a jini da alamunsa na gaskiya, wato raguwar sha'awa, rashin miƙewar asuba da raunin gaba, kashi 2 ne cikin 100. Sauran masu kuka da rauni fa? Mafi yawa matsalar jijiyoyin jini ce: ciwon suga, hawan jini, tumbi, taba, wasu magungunan, damuwar bashi da kasuwa. Tramadol da matasa da masu zemijan ke sha don ƙarfi, shi kansa yana dakushe testosteron. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara toshewa. Raunin da Alhaji ke ɓoyewa yana iya zama sallamar ciwon zuciyar da ke tafe nan da 'yan shekaru, mu kuma mun sa masa suna basir mun ba shi jiƙo.

Ba a gane ƙarancin testosteron da ido ko da gajiya. Awon jini ake yi da safe kafin a karya, kuma sau biyu a ranaku daban. Wanda aka tabbatar yana da shi, maganin na taimaka masa. Babban gwajin da aka fitar a 2023 a kan maza sama da 5,000 ya nuna bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da gudan jini a huhu. Yana kuma sa jini ya yi kauri, don haka sai ana bibiya. Kafin a fara dole a duba furostat, wadda sankararta ce ta fi kama maza a ƙasar nan, kuma ta fi tsanani ga baƙar fata.

Ga abin da nake so kowane mai shirin ƙara aure ya ji. In aka zuba wa jiki testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadata, ta daina aika wa maraina umarni, su kuma su daina yin ƙwayoyin haihuwa. Allurar da ake sayarwa da sunan Androtardyl, sinadarin cikinta shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada a shekarun 1990 a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma ya yi aiki. Wani ɗan'uwan maigidana ya yi wata da watanni yana karɓarta a hannun wani mai allurar unguwa bayan ya yi amarya. Shekara ta zagayo ba ciki, dangi suka sa yarinya gaba, aka kai ta awo har sau biyu ba a ga komai ba. Da ƙyar aka shawo kansa ya je nasa. Na ce masa, "Alhaji, da ka faɗa wa likita allurar da kake yi, ai da ba a wahalar da baiwar Allah ba." Ya ce shi bai ɗauke ta magani ba, ƙarin kuzari ce. Yawanci in an daina abin na dawowa, amma yakan ɗauki watanni, wani har fiye da shekara.

Kwalaben bakin masallaci kuwa nasu haɗarin daban. A 2024 hukumar magunguna ta Kwaddibuwa ta hana sayar da Attoté, jiƙon maza da ya yi suna har nan Lome, bayan awo ya nuna an zuba masa sildenafil, sinadarin Viagra, alhali an rubuta cewa na itatuwa ne zalla. Sildenafil magani ne na gaske in likita ya auna ya bayar. Amma dattijo mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayar buɗe jijiya ta ciwon ƙirji, in ya haɗa da shi jininsa na iya faɗuwa warwas, ga shi bai ma san ya sha ba balle ya faɗa a asibiti.

Hanyar asibiti

A nan Lome aka tara shugabannin ƙasashen Afirka a watan Janairun 2020 a kan jabun magunguna, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 10 na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. Homon ba abin saye a tire ko a Facebook ba ne. Farmasi, da takardar likita.

Kuɗi matsala ne, ba na musu. Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne tun 2023, awon mama da hoton mahaifa kuma ba kyauta ba ne. Mai katin inshorar AMU da aka faɗaɗa a Janairun 2024 ta tambaya tun a bakin kanta abin da katin ya ɗauke. Watan Oktoba ma dama ce, don lokacin ake gangamin duba mama a gari. Asibitin CHR Lomé-Commune yana nan cikin Kégué, akwai sashen mata a CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin da CHU Campus, ga kilinik ɗin ATBEF. In aka tara abin da wasu ke kashewa a kayan mata da jiƙo cikin wata shida, ya biya ganin likita har da canji.

Shingen da na fi gani shi ne harshe. Likita na jin Faransanci da Mina, Hajiya na jin Hausa, sai a haɗa ta da ɗanta ko surukarta su yi tafinta. Wace uwa ce za ta ce wa ɗan cikinta ya faɗa wa likita kwanciya na yi mata zafi? Sai ta ce ciwon jiki ne, a rubuta mata farasitamol, a dawo gida. Haka shi ma dattijon da aka haɗa da ɗan ƙaninsa. Mace ta tafi da sa'arta ko ƙanwarta mai jin Faransanci, ta nemi likita mace ko ungozomar asibiti in hakan ya fi mata sauƙi. Kalmar da za ta fara faɗa ita ce "menopoz". Ta riƙe watan da ta ga jinin ƙarshe, ko da azumi da layya za ta lissafa, ta faɗi ko an taɓa sankarar mama a danginsu, ta kuma zuba duk abin da take sha a leda ta tafi da shi, na farmasi da na ƙulli.